Me ya sa sigarin lantarki ke kashe wa wani ƙawar taba, wani kuma ko gezau?

Malam Ɗanlami:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga ma'aikatan asibiti ce da masu sanin na'ura. A ɗauka mutum biyu ne, kowa kwali guda yake sha a rana. Duka sun sayi sigarin lantarki, wannan da samari ke kira shisha fen. Ɗaya ya ajiye sigari cikin mako guda. Ɗayan ya zuƙa ya zuƙa, kwana uku ya koma wurin mai tebur yana cewa abin iska ce kawai. Ina bambancin yake, a jikin mutanen ko a na'urar? Don Allah kar a cika mu da wa'azi, kowa ya san taba ba abin arziki ba ce. Yadda abin ke aiki nake so a warware mana.

Baba Kemis:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a taɓa na'ura sai an san abin da karan sigari ke yi, domin shi ne mudun da jikin mashayi ya saba aunawa da shi.

Kara ɗaya na ɗauke da nikotin, sinadarin da ke ɗaure mashayi, kamar miligiram 10 zuwa 14, amma abin da ke shiga jini bai cika wuce miligiram 1 zuwa 1.5 ba. Sauran ya ƙone, ko ya bi hayaƙin gefe, ko ya maƙale a guntun da ake yarwa. To ba yawan ne ke ɗaure mutum ba, saurin ne. Hayaƙi ya sauka huhu, jini ya kwasa, zuciya ta harba shi sama, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 nikotin ya isa ƙwaƙwalwa. Can akwai wasu gurabe da yake zama a kansu, ana ce musu alfa4 beta2, da ya zauna sai a saki dofamin, sinadarin da ke gaya wa mutum "wannan abin da ka yi yanzu, ka sake." A 2006 Arthur Brody da abokan aikinsa a Los Anjalas sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mashaya, suka ga zuƙa ɗaya zuwa biyu kacal ta cike rabin guraben nan, kara guda kuma ya cike kusan kashi 88 cikin ɗari.

Sai hanta ta shiga aikinta. Cikin kamar awa biyu rabin nikotin ɗin da ke jini ya tafi. Ga shi shekaru da shan taba sun sa ƙwaƙwalwa ta ƙara yawan guraben. Idan suka wayi gari fayau, shi ne ƙuncin nan, da saurin fushi, da kasa tattara hankali. Abin da ya sa karan safe ya fi kowanne daɗi a wurin mashayi ke nan, jini ya kwana yana tacewa.

Saboda haka tambayar da za a yi wa kowace na'ura ita ce: nawa take kaiwa jini, kuma cikin minti nawa?

Injiniya Mai Kwayil:
Baba ka share mini hanya. Na'urar ba ta da wani sirri, abu huɗu ne: batir, kwayil (nannaɗaɗɗiyar wayar da ke yin zafi), lagwani na auduga, da tanki ko kwanson da ke riƙe ruwan. Ka danna maɓalli, ko ka zuƙa wani ɗan ma'aunin iska ya ji ya kunna, wuta ta bi kwayil ya yi zafi, ruwan da ke jikin auduga ya tashi ya zama tururi. Bakin sigari yana kai digiri 900 lokacin zuƙa. Kwayil mai jiƙaƙƙen lagwani yana aiki ne wajen digiri 200 zuwa 250. Babu ƙonewa, shi ya sa babu toka, babu kwalta (baƙin danƙon hayaƙin taba), babu iskar gubar nan kabon monoksaid.

Ruwan kuwa PG ne da VG, haka za ka gani a jikin kwalba, sai ƙamshi, sai nikotin. PG tsinkakke ne, shi ke ɗauko ɗanɗano da ɗan kartar maƙogwaro. VG gilisarin ne, mai kauri, shi ke yin gajimaren nan da yara ke burga da shi.

Na'urorin gida biyu ne, kuma nan mutane ke faɗawa rami. Akwai ta baki-sannan-huhu, wadda ake zuƙa kamar sigari: kwayil ɗinta om 1 ko sama (om ma'aunin yadda waya ke tare wuta ne), ƙarfin wuta wat 10 zuwa 15, iska matsattsiya, tururi kaɗan. Irin wannan ruwa mai ƙarfi take so, miligiram 12 zuwa 20 a kowace mililita. Akwai kuma ta kai-tsaye-huhu, ƙatuwa, kwayil ƙasa da rabin om, wat 40 zuwa 80, ana jan ta kamar shisha. Ita ruwa mai miligiram 3 zuwa 6 ake zuba mata, don tana ƙona ruwa da yawa a zuƙa guda. Idan mai shan kwali ya ɗauki ƙaramar na'ura ya zuba mata ruwan miligiram 3, wallahi gaskiya ya faɗa da ya ce iska ce. Idan kuma ya zuba mai 20 a ƙatuwar, zuƙa uku zai nemi wurin zama, jiri da tashin zuciya da zufa mai sanyi.

Malam Ɗanlami:
To Injiniya, idan an dace da na'ura da ruwa, daidai take da sigari wajen saurin da Baba ya faɗa?

Baba Kemis:
Ya danganta da zamanin na'urar. Wanda ya ƙirƙiro ta a siffarta ta yau, Hon Lik, mai haɗa magunguna ne a Sin, a 2003. Na farkon nan masu kama da karan sigari ba su iya kai nikotin ba. A 2010 Thomas Eissenberg a Bajiniya ta Amurka ya ba mashayan da ba su taɓa riƙe ta ba, ya auna jininsu, nikotin ɗin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba.

A 2014 Konstantinos Farsalinos a Girka ya gwada tsofaffin da sababbi masu tanki, duka da ruwan miligiram 18, a hannun waɗanda suka iya zuƙa. Bayan minti biyar, abin da ya shiga jini kashi ɗaya ne cikin uku zuwa ɗaya cikin huɗu na abin da karan sigari ke bayarwa a minti biyar ɗin. Sabuwar mai tanki sai da aka yi minti 35 ana zuƙa kafin ta kamo kara guda. Ka ga amsar mutuminka na biyu, Malam. Ya fita hutun minti biyar kamar yadda ya saba, ya yi zuƙa goma, ya koma kan aiki da kwata ko sulusin abin da jikinsa ke bin sa bashi.

Abin ya canja da zuwan gishirin nikotin. Nikotin zalla yana da kaifi, idan ya wuce miligiram 18 ko 24 maƙogwaro ba ya ɗauka, tari ne zai turnuƙe mutum. Kamfanin Juul da ya fito a 2015 ya haɗa shi da wani asid mai suna benzoyik, kaifin ya mutu, suka iya cusa miligiram 59 a mililita ba tare da ya shaƙe mutum ba. Kwansonsu na mililita 0.7 yana ɗauke da kusan miligiram 40. Da irin wannan ƙarfi, wanda ya iya zuƙa yana samun abin da ya kusanci na sigari cikin 'yan mintuna. Yawancin na yarwa, waɗanda ake jefarwa idan sun ƙare, da suka cika kasuwa yanzu gishirin ne a ciki.

Hajiya Nas:
Sannunku da ƙoƙari. Amma Baba, ka tsallake wani abu a gwajin Eissenberg ɗin da ka kawo. Duk da nikotin bai shiga jini sosai ba, mutanen sun ce ƙawar ta ɗan lafa. Me ya kwantar da ita?

Ƙawar taba iri biyu ce, kuma duk wanda bai raba su ba zai yi ta ba da shawarar da ba ta ci. Akwai ta ƙasa-ƙasa, wadda ke zaune da mutum wuni guda saboda nikotin ya ragu a jini. Tana farawa cikin awanni, ta fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, ta yi sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu. Akwai kuma ta farmaki, wadda wani abu ke tayarwa: an gama cin tuwo, an zauna teburin mai shayi, an hau babur, rai ya ɓaci, ko an ji ƙamshin ashana. Wannan minti kaɗan take yi ta wuce, amma tana iya dawowa bayan wata shida, lokacin da babu ɗigon nikotin a jiki.

Ku yi lissafi. Kara 20 a rana, zuƙa goma kowanne, sau 200 ke nan hannu ya tafi baki. A shekara ya haura sau 70,000. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, to wannan turken an kafa shi da kyau. Jed Rose na jami'ar Duke ya nuna cewa sigarin da aka cire wa nikotin yana kwantar da ƙawa nan take fiye da nikotin da aka ɗura ta jijiya. Wato kartar maƙogwaro, da cikar ƙirji, da ganin abu na fita daga baki, su ma rabin maganin ne.

Filastar nikotin da ake mannawa a fata tana maganin ta ƙasa-ƙasa, amma awanni take ɗauka kafin ta hau, ba ruwanta da farmaki. Cingam ɗin nikotin minti 20 zuwa 30 yake so. Sigarin lantarki yana taɓa duka biyun, hannu da maƙogwaro da jini. Nan ƙarfinsa yake, kuma nan ne matsalarsa, domin turken bai tuge ba, igiyar kawai aka canja.

Likitan Ƙirji:
Hajiya, jumlarki ta ƙarshe ita nake jira wani ya faɗa. Zauren ya fara kama da shagon sayar da kaya.

Gwajin da kowa ke kafa hujja da shi na Peter Hajek ne a Ingila, 2019, mutum 886. Bayan shekara, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun bar taba, na ɓangaren filasta da cingam kashi 9.9. Na yarda, kusan ninki biyu ne. Amma a karanta layin da ke biye. Cikin waɗanda suka bar taba da na'ura, kashi 80 suna nan suna zuƙarta bayan shekara. A ɗaya ɓangaren kashi 9 ne kawai ke kan filasta ko cingam. Sannan kowa a gwajin ya samu zama da mai ba da shawara mako-mako na aƙalla mako huɗu. Wanda ya saya a kanti ya sa aljihu bai samu wannan ba. Kuma 18 cikin ɗari na nufin 82 ba su bari ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya har yau ba ta sa shi cikin hanyoyin da take ba ƙasashe shawarar bi don barin taba ba. Indiya ta haramta shi a 2019. Ostireliya ta mayar da sayar da shi kemis kaɗai a 2024. Ba mahaukata ba ne.

Baba Kemis:
Likita ranka ya daɗe, ba mu musa ba. Amma Malam cewa ya yi a bayyana yadda yake aiki. Kuma alƙaluman ba na Hajek kaɗai ba ne. Bitar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwaje da dama, ta ce hujjar tana da ƙarfi: cikin mutum 100, kamar 8 zuwa 10 ke barin taba da na'ura mai nikotin, 6 da filasta ko cingam. Ba abin a buga ganga ba ne, amma ba banza ba ne.

Maganar ci gaba da nikotin kuwa, tun 1976 Michael Russell ya ce mutane don nikotin suke shan taba amma kwalta ke kashe su. Nikotin na ɗaga bugun zuciya da hawan jini na ɗan lokaci, ba a son shi ga mai ciki ko yaro, yana kuma ɗaure mutum. Amma sankarar huhu da toshewar hanyoyin numfashi aikin hayaƙi ne.

Likitan Ƙirji:
Aikin hayaƙi ne a sigari, na yarda. Tururin kuma shekara ashirin da 'yan kai ke nan da fitowarsa, sankarar huhu kuwa takan ɗauki shekara 20 zuwa 30 kafin ta bayyana a mashaya. Ya fi sigari sauƙin illa, wannan ina tare da ku. A ce ba shi da illa, ban sa hannu ba. Wanda bai taɓa shan taba ba kuma ya ɗauka don ƙamshin mangwaro, ya sayi jaraba da kuɗinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu haɗa biyu. Na'ura a ofis da cikin mota, sigari bayan abinci da dare. Suna cewa sun rage daga 20 zuwa 3. Bitar Allan Hackshaw ta 2018 ta nuna mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20. Jijiyoyin jini ba sa lissafi irin na 'yan kasuwa. An gudu ba a tsira ba.

Hajiya Nas:
Wannan gaskiya ne, kuma ta fuskar ƙawa ma haɗa biyun ɓarna ne. Duk karan da aka kunna yana tuna wa ƙwaƙwalwa cewa ga mai saurin nan yana nan. Hayaƙin taba ma yana da wasu sinadarai da ke danne wani inzayim, wato sinadarin jiki, mai suna MAO, wanda ke rushe dofamin. Hotunan ƙwaƙwalwa da Joanna Fowler ta ɗauka a 1996 sun nuna nau'in B na inzayim ɗin ya ragu da kusan kashi 40 a mashaya. Tururi ba ya yin wannan yadda hayaƙi ke yi. Shi ya sa ko nikotin ya isa, wasu ke cewa akwai abin da ya ɓace a makonnin farko. Idan aka bar sigari gaba ɗaya jiki na daidaitawa. Idan ana ɗan taɓawa, kullum na'urar ce za ta zama ta biyu.

Auta:
Yayyena a yi mini afuwa, ni ɗalibi ne a nan. Ba gara mutum ya fara da ruwa mara ƙarfi ba, tunda nikotin ɗin ake son a rabu da shi?

Injiniya Mai Kwayil:
Auta, wannan tunanin shi ya fi mayar da mutane wurin mai tebur. Jiki ne ke yanke abin da yake so, ba kwalba ba. Ka ba shi ruwa mai rauni, zai rama da yawan zuƙa da tsawonta, in na'urar na da wurin ƙara wuta ya ƙara. Lynne Dawkins a Landan ta gwada wannan: da aka sauke mutane zuwa miligiram 6, ruwan da suke ƙonawa ya ƙaru sosai, ƙawar ba ta kwanta kamar da ba, kuma fomaldihaid ɗin da suke shaƙa, wani sinadari mai guba, ya ƙaru. An rage abin da ba shi ne babbar illa ba, an ƙara tururin da ke shiga huhu.

Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi: wanda ke kunna karan farko cikin minti 30 da farkawa, ko yake shan kusan kwali, ya fara da 18 ko 20 a ƙaramar na'ura. Mai shan ƙasa da kara goma, 10 ko 12 na iya riƙe shi.

Zuƙar ma daban ce. Sigari ana fizgarsa ne da ƙarfi, daƙiƙa biyu, don jan iska na hura wutar. A na'ura fizga ba ta ƙara komai, sai ma ta sanyaya kwayil ta jawo ruwa cikin bututu ya yi ta ƙorƙoro yana tofo maka a harshe. A hankali ake ja, daƙiƙa uku zuwa huɗu, a bar kamar rabin minti kafin a sake don lagwani ya sha ruwa.

Idan aka yi ta ja ba hutu, ko tanki ya kusa ƙafewa, ko wuta ta fi ƙarfin kwayil, auduga ta bushe ta fara babbakewa. Ɗanɗanon ƙauri ne mai ɗaci, ba mai iya daurewa. A wannan yanayin ne PG da VG ke rushewa su ba da gubar fomaldihaid da akrolin da yawa. Kwayil ɗin da ya ƙone ba ya gyaruwa, a canja. Sabon kwayil kuma a ɗiga masa ruwa a audugar, a cika tanki, a jira minti biyar zuwa goma kafin zuƙar farko. Yawanci mako ɗaya zuwa biyu yake yi, ruwa mai zaƙi ya fi saurin kashe shi don yana daskarewa baƙi a jikin waya. Kwayil da ya tsufa tururinsa na raguwa, nikotin na raguwa, mutum ya ga ƙawa ta dawo bai san dalili ba. Ruwa mai VG da yawa kuma ba ya ratsa ƙananan ramukan ƙaramar na'ura, ita rabi da rabi take so.

Malam Ɗanlami:
Waɗannan na yarwa da ake rubuta 2% ko 5% da "zuƙa 10,000" fa? Kwali nawa ke nan?

Baba Kemis:
2% na nufin miligiram 20 a mililita, 5% kuma 50. A Tarayyar Turai da Ingila doka ta tsayar da ƙarfi a 20, tanki mililita 2, kwalbar ƙari mililita 10. Mililita 2 sau 20, miligiram 40 ke nan, ita ce ake rubuta wa zuƙa 600. Ba duka ke shiga jini ba, amma a ƙiyasi ana kwatanta ta da kwali ɗaya zuwa biyu. Ingila ma ta hana sayar da na yarwa tun 1 ga Yunin 2025.

Manyan nan masu dubban zuƙa da ke shigowa kasuwanninmu ba su bi wannan doka ba. A ce mililita 12 ce a 5%, miligiram 600 ke nan a aljihun mutum. Adadin zuƙar da ke jikin kwali kuma inji ne ya ƙirga da gajerun zuƙa, kar a dogara da shi. Ko ƙarfin da aka rubuta ba lallai ya dace da abin da ke ciki ba idan ba a san inda kayan ya fito ba.

Babban bambancin da ba a faɗa ba shi ne sigari yana da ƙarshe. Ya cinye, ka taka guntun, ka tashi. Na'ura ba ta ƙarewa, tana kan gado, tana cikin mota, ba wari balle a kore ka waje. Maimakon nikotin ya hau ya sauka sau 20 a rana, sai ya zauna a sama wuni guda. Mai 5% da ke wuni yana zuƙar ta haka zai iya wuce abin da yake samu a sigari. Alamun ya yi yawa: ciwon kai, tashin zuciya, shaƙuwa, bugun zuciya, rashin barci. Da azumi abin ya fi fitowa fili, an wuni ba a taɓa ba, ana shan ruwa a yi zuƙa goma a jere kan cikin da babu komai, sai hajijiya.

Likitan Ƙirji:
Tunda an zo kan kayan da ba a san asalinsu ba. Ciwon huhun da ya ɓarke a Amurka a 2019 ya kwantar da mutum 2,807, ya kashe 68 zuwa Fabrairun 2020. An gano yawanci man bitamin E ne da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage. Ba ruwan nikotin na kanti ba ne, gaskiya a faɗe ta. Amma darasin na nan: duk wani abu mai mai, ko turare, ko haɗin gida, ba ya shiga tanki. Kwalbar ruwan kuma a ɓoye wa yara kamar yadda ake ɓoye fiya-fiya, ƙamshin alewa take yi, kuma kurɓa kaɗan na iya kai ƙaramin yaro asibiti.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Hayaƙin taba, ba nikotin ba, yana sa hanta ta riƙa saurin narkar da kafin, sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi. Ranar da aka bar hayaƙi, ko da an koma na'ura, cikin 'yan kwanaki hanta na komawa saurinta na asali. Goron da mutum ya saba ci da shayin da ya saba sha sai su yi masa kusan ninki. Hannu na rawa, gaba na faɗuwa, barci ya ƙaurace, ya ɗauka ƙawar taba ce ya koma ya kunna. A rage goro da shayi zuwa rabi a makonnin farko. Haka yake ga wasu magunguna: tiyofilin na asma, da olanzafin da kulozafin na masu taɓin hankali. Mai shan waɗannan ya gaya wa likitansa kafin ya bar sigari, domin maganin na iya taruwa a jini.

Hajiya Nas:
Likita Allah ya saka da alheri, wannan ta goro ba kowa ya sani ba. A ƙara da shan ruwa, PG da VG na busar da baki da maƙogwaro, balle da hunturu. Tarin kwanakin farko ma ba lallai na'urar ba ce, gashin da ke share hanyoyin numfashi ne ke farfaɗowa yana fitar da majina. In ya wuce makonni, ko da jini, ko numfashi na sarƙewa, asibiti.

Injiniya Mai Kwayil:
Zafinmu ma abokin gaba ne. A bar na'ura a mota da rana a watan Afrilu, ruwa ya tsinke ya yoyo ta ramin iska, batir ya kumbura. Nikotin da ya sha rana da iska yana yin duhu, ɗanɗanonsa ya koma kamar barkono, ƙarfinsa ya ragu. Batirin da ake cirewa kuma kar a jefa shi aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa wuta ce. Kuma mai barin taba ya riƙe ta biyu a caje. Batir ya mutu ƙarfe tara na dare, an ɗauke wuta, mai tebur kuwa yana bakin layi.

Auta:
To yaya ake sauka daga ita kanta na'urar?

Hajiya Nas:
Ba a gaggawa, ƙanena. Sai mutum ya yi watanni bai taɓa sigari ba, ya tabbata ko an kunna a gabansa ba zai karɓa ba. Sannan a sauka mataki-mataki, 20 zuwa 12, zuwa 6, zuwa 3, kowane mataki a zauna makonni. Ma'aunin shi ne yawan ruwan da ake ƙonawa. Idan da mililita 2 ce a rana, aka sauka ta koma 4, ba a sauka ba, a koma mataki na baya. Wasu rage wurare ya fi yi musu aiki a kan rage ƙarfi: a fitar da ita daga ɗakin kwana, sannan daga mota, a mayar da ita abin da ake tashi a je a ɗauko. Idan sigari ya fara kiran mutum a tsakiyar saukar, a koma kan na'ura, kar a koma kan kara.

Malam Ɗanlami:
Saura guda. Wanda na'urar ke riƙe shi da rana amma ƙawar asuba ta fi ƙarfinsa fa?

Baba Kemis:
Wannan nikotin ne ya ƙare cikin dare, kuma na'ura mai miligiram 20 ba ta cike ramin da saurin kara. Ana iya haɗa ta da filasta mai awa 24, ta miligiram 21 ga mai shan fiye da kara goma, daga baya 14, sannan 7. Filasta ta riƙe ƙasa, na'ura ta tare farmaki. An gwada haɗin a Niyu Zilan a kan mutum 1,124, aka buga a 2020: bayan wata shida kashi 7 sun bari da filasta da na'ura mai nikotin, kashi 4 da filasta da na'ura mara nikotin, kashi 2 da filasta kaɗai. A manna ta a busasshiyar fata mara gashi, dantse ko ƙirji, a canja wuri kullum don ƙaiƙayi. In tana kawo mafarkai masu firgitarwa a cire ta kafin barci, sai dai ƙawar asuba za ta ɗan dawo.

Likitan Ƙirji:
Kuma kafin a kai ga haɗe-haɗe a tambayi likita batun bareniklin ko saitisin. Ƙwayoyi ne da ke zama a kan guraben alfa4 beta2 ɗin da Baba ya faɗa tun farko, su ɗan motsa su don ƙawa ta lafa, su kuma tare wa nikotin wuri, ko an kunna kara ba a jin daɗinsa. Bareniklin mako 12 ake sha, ana farawa mako guda kafin ranar ajiye sigari, a sha bayan abinci da ruwa cikin kofi saboda tashin zuciya. Saitisin kwana 25 ne. Mai ciwon ƙoda da mai ciki su faɗa kafin a rubuta musu.